Sana'ar Nacurofati da Magungunan Tsirrai: Karatu, Doka da Kula da Majinyaci, Daga Dilimi Zuwa Jami'ar Jos

Nacurofati suna ne na wani tsarin jinya da ya tsiro a Turai ya yi rassa a Amurka, wanda masu shi ke cewa jikin ɗan Adam yana da ikon warkar da kansa idan aka kawar masa da abin da ke tauye shi. Kayan aikinsu abinci ne da tsirrai da ruwa da hasken rana da motsa jiki da hutu, sai kuma doguwar tattaunawa da majinyaci a kan yadda yake rayuwa. Dokar Najeriya ta ambaci sunan tsarin tun 1992, amma har yau kalmar baƙuwa ce a kunnen yawancin Hausawa. Abin da kunne ya saba ji shi ne mai maganin gargajiya, ko kuma, a 'yan shekarun nan, shagon magungunan Musulunci.

A birnin Jos, duk wanda ya bi ta titin Dilimi ya zarce Gangare, ko ya nufi Taminus, zai ci karo da su: mai baza saiwoyi da sassaƙe a kan buhu, da motar da aka ɗaura wa lasifika tana tallar maganin basir da sanyi, da shagon da aka jera zuma da man zaitun da habbatus sauda a kan kanta. Tafiya kaɗan daga nan, a Jami'ar Jos, irin waɗannan saiwoyi ake niƙawa ana gwadawa a ɗakin bincike. Matashin da ya ƙudurta cin abinci da wannan sana'a yana tsaye ne tsakanin wuraren biyu, kuma hanyar da ya ɗauka tun farko ita ke yanke ko zai zama ma'aikacin lafiya da doka ta san da zamansa, ko kuwa mai tallar kwalba da hukuma za ta iya kwashe wa kaya kowace safiya.

Asalin tsarin

Tushen nacurofati yana komawa ga wuraren jinya da ruwa na ƙasar Jamus a ƙarni na 19. Mafi shahara a cikin masu wannan aiki shi ne Sebastian Kneipp, wani limamin cocin Katolika a yankin Bavariya wanda ya rasu a 1897, wanda ke yi wa mutane magani da wankan ruwan sanyi da ganyaye da tafiya ba takalmi. Wani Bajamushe da ya yi jinya a hannunsa, Benedict Lust, shi ya kai tsarin birnin New York. A 1901 ya sayi haƙƙin amfani da sunan nacurofati daga John Scheel, wanda ya ƙirƙiro kalmar a 1895, sannan ya buɗe makaranta.

Tsarin ya yi tashe na 'yan shekaru, daga baya ya dusashe. Rahoton Flexner na 1910 ya sa aka tsaurara sharuɗɗan makarantun likita a Amurka, zuwan fenisilin da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma ya janye jama'a zuwa asibiti. Sai a 1956 aka kafa kwalejin nacurofati a Portland ta jihar Oregon, a 1978 kuma aka kafa wadda ta zama Jami'ar Bastyr a jihar Washington da wata kwalejin a Toronto ta ƙasar Kanada. Karatun a waɗannan makarantu shekara 4 ne bayan digirin farko, ana kuma rufe shi da jarrabawar neman lasisi. Duk da haka kusan rabin jihohin Amurka ne kaɗai ke ba da lasisin, jihohin South Carolina da Tennessee ma sun haramta aikin ɗungurum. A Indiya kuwa gwamnati ce ta rungumi abin: ana yin digiri na shekara biyar da rabi wanda ya haɗa nacurofati da yoga, kuma tun 2014 akwai ma'aikata guda mai kula da irin waɗannan hanyoyin jinya.

Masu tsarin sun gina shi a kan ƙa'idoji 6 da ƙungiyarsu ta Amurka ta amince da su a 1989, waɗanda suka haɗa da guje wa cutar da majinyaci, da neman musabbabin ciwo maimakon danne alamunsa, da duban mutum gaba ɗayansa, da ilmantar da shi, da fifita rigakafi. Babu likitan asibiti na ƙwarai da zai yi jayayya da waɗannan kalmomi. Inda ake saɓani shi ne a kan abin da ake zubawa a ƙarƙashinsu, domin wasu makarantun suna koyar da homiyofati, wato tsarin tsarma magani da ruwa har sai babu ko ɗigon asalinsa, abin da hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta bayyana a 2015 cewa babu wata cuta da aka tabbatar yana warkarwa.

Abin da Bahaushe ya gada

Kafin zuwan kowane irin baƙon tsari, ƙasar Hausa tana da nata rabe-raben masu magani, kowa da fagensa. Wanzami yana ƙaho da kaciya, maɗori yana gyaran karaya da targaɗe, ungozoma tana karɓar haihuwa, 'yar mai ganye tana yawo da magungunan yara da na mata, magori yana bin kasuwa-kasuwa da buhunsa. Masunta su ake kai wa wanda ƙayar kifi ta maƙale wa, maƙera kuma ƙuna. Malami yana rubutu da tofi, boka yana nasa. Mafi yawan wannan ilimi gadon gida ne, ɗa ya tashi yana bin uba daji har ya san sabara da marke da tafashiya da ido, ya san wadda ake ɗiba da hantsi da wadda ake jira sai kaka.

Akwai kuma ɓangaren da aka rubuta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai da dama na likitanci da Larabci, har da wanda ya keɓe ga ciwon basir da wani a kan amfanin filasko. A zamanin Turawa, likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya ya buga a 1916, kuma har yau masu bincike suna komawa gare shi idan suna son tantance wane tsiro ake nufi da wane suna.

Jos ta samu rabonta na wannan gado ta hanyar kuza. Ma'aikatan haƙar ma'adinai da fatake da suka zauna a bakin kogin Dilimi tun farkon ƙarni na 20 sun zo da wanzamansu da masu maganinsu, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere da nasu sanin itatuwan tsaunuka. Shi ya sa kasuwar magani ta Jos ta zama gauraye: saiwar da aka kawo daga Bauchi ko Kano tana kwance gefen ganyen da aka tsinko a kan dutse.

Abin da doka ta ce

Majalisar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, ita ce doka ta damƙa wa kula da nacurofati. Dokar soja mai lamba 78 ta 1992 ce ta ƙara mata wannan aiki, inda aka fassara madadin jinyar asibiti da abubuwa uku: nacurofati, da jinyar tsira allurai irin ta ƙasar Sin, da jinyar tausa da daidaita gaɓoɓi. Ma'anar wannan ita ce wanda ya yi karatun nacurofati, a gida ko a waje, bai da izinin buɗe wurin jinya da wannan suna sai majalisar ta tantance takardunsa ta yi masa rajista. Laifi ne kuma mutum ya laƙaba wa kansa sunan likita don a ɗauka ya cancanta alhali ba shi cikin rajista. Wannan batu ya shafi allunan da ake gani a unguwanni masu ɗauke da “Dakta” a gaban sunan wanda kwas ɗin wata uku ya yi ta intanet.

Dokar ta yi wa mai maganin gargajiya rangwame na musamman. Wanda al'ummarsa ta shaida cewa ya koyi tsarin maganin da aka gada a cikinta yana iya yin aikinsa ba tare da rajistar majalisar ba. Sai dai rangwamen bai haɗa da tsaga jikin mutum ba, bai kuma haɗa da ba da magunguna masu haɗari da doka ta killace ba.

Maganin da aka ɗura a kwalba ko aka ƙulla a leda don sayarwa kuwa, hurumin Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ne, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. A nan akwai abin da masu saye da masu sayarwa da yawa ba su fahimta ba. Yawancin magungunan tsirrai suna samun izinin wucin gadi ne na shekara 2, mai lamba da ke ƙarewa da harafin L. Abin da wannan lamba ke nufi shi ne an gwada maganin an ga ba ya ɗauke da guba ko ƙazanta a gwargwadon da aka rubuta. Ba ta tabbatar da cewa yana warkar da cutar da aka ambata, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Cikakkiyar rajista sai an yi gwaji a kan majinyata a asibiti, abin da ke cin kuɗi da shekaru. Bugu da ƙari, Dokar Abinci da Magunguna ta hana tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin wasu jerin cututtuka, ciki har da ciwon daji da ciwon sukari da hawan jini. Da yawa daga abin da lasifika ke faɗa a bakin tasha ya faɗa cikin wannan jeri.

A ɓangaren tsare-tsare, gwamnatin tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan maganin gargajiya a 2007, da kundin bayanin tsirran magani na Najeriya a 2008, sannan ta buɗe sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya a 2018. Ƙungiyar masu maganin gargajiya ta ƙasa, NANTMP, tana da rassa a jihohi. Daftarin dokar kafa majalisa mai zaman kanta da za ta riƙa yi wa masu wannan aiki rajista ya samu amincewar Majalisar Zartarwa a 2020, ya kuma sha zagaye a Majalisar Tarayya.

Hanyoyin karatu

Tarihin koyar da nacurofati a Najeriya yana da tabo da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Gwamnatin tarayya ta taɓa samun kwalejin koyar da irin wannan jinya, FEDCAM, amma a 2010 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rufe ta saboda ba da digirin da ba a amince da shi ba, ɗalibai suka watse da takardun da ba su da inda za su kai. Don haka tambayar farko da ake yi wa kowace makaranta ita ce wace hukuma ta amince da kwas ɗin: hukumar jami'o'i idan digiri ne, ko hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, idan difloma ce. Hukumar Bunƙasa Magungunan Gargajiya ta Najeriya, NNMDA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Legas, tana da kwalejin da ke ba da difloma a fannin fasahar magungunan tsirrai.

Ga ɗan Jos, hanya mafi tabbas tana kusa da gida. Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975, tana da tsangayar harhaɗa magunguna, a cikinta kuma akwai sashen da ya keɓanta da sanin magungunan da ake samu daga tsirrai da kuma maganin gargajiya. Shiga tsangayar yana buƙatar kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, da suka haɗa da Ingilishi da lissafi da kimiyyar halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks, sai kuma maki mai yawa a jarrabawar JAMB. Karatun shekara 5 ne zuwa 6 gwargwadon tsarin digirin, a biyo da shekarar koyon aiki da ta hidimar ƙasa. Wanda ya gama yana da lasisin da babu mai musun sa, yana kuma da ilimin auna ƙarfin magani da gane yadda wani ke karo da wani a cikin jiki, wanda shi ne babban abin da mai gadon gida ya rasa.

A 2014 jami'ar ta samu ɗaya daga cikin cibiyoyin ƙwarewa 10 da Najeriya ta ci a zagayen farko na shirin Bankin Duniya, wato cibiyar bincike da sarrafa magungunan tsirrai, ACEPRD, wadda Farfesa John Aguiyi ya jagoranta. Cibiyar tana ba da digiri na biyu da na uku, kuma cikin ayyukan da aka san ta da su akwai bincike a kan ƙwayar karara da tasirinta ga dafin maciji.

Wanda bai samu gurbin harhaɗa magunguna ba bai rasa mashiga ba. Digirin likita, ko na jinya, ko na ilimin abinci mai gina jiki, ko na ilimin tsirrai, kowanne yana kai mutum bakin wannan fage ta ƙofarsa. Hasali ma mai ilimin abinci ya fi kowa kusa da ainihin abin da nacurofati ke iƙirari. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos kuma ta dace da mai sha'awar noman tsirran magani da adana su. A maƙwabta, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi tana ba da digirin maganin tsirrai tun 2001, kuma ƙasar Gana ta riga ta sanya waɗanda suka kammala aiki a wasu asibitocin gwamnati.

Kula da majinyaci ɗaya-ɗaya

Abin da ya fi jan mutane zuwa wurin mai nacurofati shi ne lokaci. Ganawar farko takan kai awa guda ko fiye, alhali a layin asibitin gwamnati likita ɗaya yana iya duba mutum da dama kafin azahar. A cikin wannan awa ake tambayar majinyaci sana'arsa, da abin da yake ci daga karin kumallo zuwa dare, da barcinsa, da ciwon da ke bin danginsa, da duk wani magani da yake sha, na asibiti da na gida. Idan mace ce a tambayi ciki da shayarwa. Bahaushe ya san wannan hikima tun da, shi ya sa yake cewa magani ya karɓi wane, bai karɓi wane ba.

Alal misali, a ɗauki ɗan kasuwar Dilimi mai shekara hamsin da 'yan kai da aka auna jininsa sau da dama yana haura 140 bisa 90. Yana zaune a shago daga safe zuwa magariba, abincinsa na rana daga mai sayar da abinci yake zuwa da ɗunƙulen ɗanɗano da gishiri mai yawa, yana shan shayi mai sukari sau uku, yana cin goro. Shawarar da aka yanka daidai jikinsa za ta duba cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, da cewa yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, sannan ta nemo yadda hakan zai yiwu ga mutumin da ba zai iya rufe shago ba: a riƙa kawo masa abinci daga gida, ya taka da ƙafa zuwa kasuwa maimakon hawa keke-napep, a tsara masa abin da zai yi a watan azumi. Jos tana da sauƙin wannan, domin kabeji da karas da koren wake da latas suna fitowa daga Farin Gada da lambunan gefen gari da araha. Zoɓo marar sukari yana cikin 'yan tsirran da gwaje-gwaje a kan mutane suka nuna suna ɗan rage hawan jini. Amma duk wannan ƙari ne a kan ƙwayar da likita ya rubuta, kuma mai maganin da ya ce a ajiye ƙwayar ya sa mutum a hanyar shanyewar ɓarin jiki.

Gyaran abinci da motsa jiki su ne ɓangaren tsarin da hujja ta fi ƙarfi a kansa. Wani babban gwaji a Amurka da aka buga sakamakonsa a 2002 ya nuna cewa a cikin mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, rage ƙiba da motsa jiki sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, ƙwayar metfomin kuwa kashi 31. Acca, wadda ake yawan ba masu ciwon sukari shawarar ci a Filato, abinci ce mai kyau, sai dai ita ma sitaci ce, mai cika kwano da ita sukarinsa zai hau.

Wurin da ake gane gwanin gaske shi ne sanin sunayen cututtuka na Hausa da abin da ke iya ɓuya a bayansu. Kalmar basir a bakin majinyaci tana iya nufin kumburin dubura, ko cushewar ciki, ko raunin mazakuta, ko zubar jini a bahaya, na ƙarshen kuwa a mutum mai shekaru yana iya zama dajin hanji. Shawara tana iya zama ciwon hanta nau'in B. Sanyi yana iya zama cutar da ake ɗauka ta saduwa, wadda sai an yi wa miji da mata magani tare. Tarin da ya wuce mako 2 yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne na wata 6 a cibiyoyin gwamnati. Kullutu a nono, da rama ba dalili, da kumburin fuska da ciwon kai ga mai juna biyu, da zazzaɓin yaro mai haɗe da taune-taune, duk ba a jiƙa musu saiwa a ce a dawo bayan mako. Takardar turawa ake rubutawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Jankwano. Wani nazari da masu bincike na Jami'ar Yale suka buga a 2018 ya gano cewa masu ciwon dajin da suka zaɓi madadin jinya kaɗai sun ninka waɗanda suka karɓi maganin asibiti sau biyu da rabi wajen haɗarin mutuwa.

Saran maciji ma haka ne. A kudancin Filato, inda kububuwa ke sarar manoma lokacin shuka da girbi, cibiyar lafiya ta Zamko a yankin Langtang ta shahara da allurar kashe dafi, kuma abin da ma'aikatanta suka daɗe suna kuka da shi shi ne isowar majinyaci a makare bayan an kwana ana gwada na gida.

Kulawa ta ɗaya-ɗaya tana buƙatar rubutu. Kowane majinyaci da katinsa: abin da ya kawo shi, abin da aka ba shi, nawa, na kwana nawa, da abin da ya biyo baya. Mai maganin da ba ya rubutawa yana tuna waɗanda suka warke ne kawai, domin su ke dawowa da godiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta riƙe sirrin majinyaci, abin da ya saɓa da al'adar ɗora hoton wanda aka yi wa magani a Facebook ko TikTok don talla.

Amfanin tsiro da dafinsa

Babu mai musun cewa tsirrai sun ba duniya manyan magunguna. Kwinin daga ɓawon itace aka ciro shi a 1820. Atimisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau, daga wani nau'in tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. A gida ma akwai Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila da Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu a Abuja ta sarrafa a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe. Asalinsa haɗin wani mai maganin gargajiya ne daga jihar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, kuma cikin tsirrai 4 da ke ciki akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa. An sanya sunansa cikin masu haƙƙin mallakar maganin, abin da ya zama misali ga duk mai gadon sirrin da ke tsoron kai shi ɗakin bincike.

Sai dai tsiron da ke warkarwa yana iya kisa. Zaƙami yana gusar da hankali, ƙwayar idon zakara da ta zurma suna ɗauke da dafi mai tsanani. Duman dutse yana cikin dangin tsirran da sinadarinsu ya lalata ƙodar mata kusan ɗari a Beljiyam a farkon shekarun 1990, bayan sun sha shi cikin haɗin rage ƙiba, daga baya kuma aka tabbatar yana haddasa daji. Tafarnuwa da citta masu yawa suna iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini. An kuma sha kama magungunan ƙarfin maza da aka ce na itace ne zalla alhali an niƙa ƙwayar asibiti a ciki, abin da ke da haɗari ga mai ciwon zuciya.

Jos tana da wata matsala tata ta daban. Shekaru da dama na haƙar kuza sun bar kududdufai da tulin ƙasa masu ɗauke da ma'adinai masu illa, kogin Dilimi kuma yana kwasar dattin gari da na wuraren gyaran mota a kan hanyarsa ta zuwa Bauchi. Nazarce-nazarce da dama sun samu dalma da wasu ƙarafa masu nauyi a ruwan da ƙasar bakinsa, tsiro kuwa yana zuƙar abin da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka inda aka ɗebo ganye yana da muhimmanci kamar sunan ganyen. Haka shanya: damina a Jos tana da tsawo da laima, saiwar da ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna, wasu nau'o'in fumfunar kuwa suna fitar da gubar da ke cin hanta.

Cin abinci da sana'ar

Guraben aikin gwamnati masu sunan nacurofati kaɗan ne ƙwarai, don haka yawancin masu wannan ilimi suna kama ɗaya daga hanyoyi kaɗan: koyarwa da bincike a jami'a ko a cibiyoyi irin NNMDA da ta Idu, aiki a kamfanin sarrafa magani, ko buɗe nasu wurin. Cibiyar Pax da Fada Anselm Adodo ya kafa a Ewu ta jihar Edo a 1996 ta nuna cewa ana iya tashi daga ɗan ƙaramin ɗaki a kai ga masana'anta mai ɗakin gwaji da ma'aikata masu digiri. A ƙasashen waje ma matsayin sana'ar yana hawa yana sauka: Ostireliya ta cire nacurofati daga abin da inshorar lafiya ke biya a 2019, ta mayar da shi a 2025 bayan sabon nazari, ta bar homiyofati a waje.

Mai son sayar da haɗinsa zai fara da rajistar kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya tanadi wurin sarrafawa mai tsabta da jami'an NAFDAC za su zo su duba, ya miƙa samfur don gwaji, ya kuma shirya takardar jikin kwalba mai ɗauke da sunan kowane tsiro, da yawan da za a sha, da ranar sarrafawa da ta lalacewa, da gargaɗi ga masu ciki da yara. Wurin duba majinyata kuma sai da izinin Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Akwai wani fagen da har yanzu bai cika ba, wato noman tsirran maganin kansu. Maɗaci da ararraɓi suna raguwa a dazuzzukan Arewa saboda sassaƙar da ake yi musu har zagaye, itacen da aka yi wa haka kuwa bushewa yake yi. Sanyin Filato, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, yana karɓar na'ana'a da wasu ganyayen da ba sa jure zafin Kano ko Sakkwato, ga kuma motocin kayan lambu da ke tashi kullum daga Jos zuwa Abuja da Kudu.